Dutsen Gugar Silva

Tun da Silva ya dawo daga hannun masu garkuwa da mutane, gidanmu ya koma gidan raɗa. Cikakken sunansa Sylvanus, shi ne ɗana na fari, shekarunsa ashirin da 'yan kai. A hanyarsa ta dawowa daga ƙauye aka tare motarsu, farkon damina. Sai da masara ta nuna aka sako shi. Ya shigo gida da ƙafafunsa, yana cin abinci, yana wanka, amma maganarsa ba ta wuce "to" da "a'a". Yakan wuni a kan benci a bayan gidanmu na Romi, yana kallon katangar maƙwabta.

Ni kuwa ban san abin da nake ji ba. Mutane suna shigowa barka, ina amsawa. Da safe in tafi kamfani a Kudenda in loda katan a mota, da yamma in dawo. Abu ɗaya ne yake cina a rai, kada ya zama gangar jikin yaron kawai aka maido mana.

Ranar da ya dawo na ga bayansa yana cire riga. Akwai tabon ƙuna dogo-dogo, irin wanda ƙarfe mai zafi yake bari. Ban tambaye shi ba. Na shiga falo na ɗauke dutsen guga, na naɗe wayarsa, na cusa shi a saman wadrob bayan akwatin uwarsa. Teburin gugar kuma na jingine shi a bayan ƙofar ɗakinmu.

Dutsen nan shi ya zaɓe shi da kansa a kasuwar Sabon Tasha. Ni mai fesa tururi na so, don ya fi kyan gani. Ya ce ruwan rijiyarmu zai toshe masa ramuka kafin Kirsimeti. Ya ɗora mini wani baƙi a hannu ya ce, "Baba, ɗaga ka ji. Mai nauyi ne yake kwantar da atamfa." Teburin ma shi ya haɗa, da katako da tsohon bargo da ƙananan ƙusoshi. Duk Asabar, da an kawo wuta, kayanmu na zuwa coci gaba ɗaya a hannunsa suke, yana guga yana tsokanar ƙanwarsa Vicky.

Yanzu mun ɗauke masa komai. Ba ɗiban ruwa, ba aike, ko kofin da ya sha shayi wani ne yake ɗaukewa. Guga kuma ina kai wa Malam Umar mai wanki a bakin layi.

Matata Damaris ita ta shirya sujadar godiya. Duk tsawon lokacin nan matan zumuntar cocinmu sun yi ta azumi tare da ita, ta kuma yi wa Allah alkawari cewa in ɗanta ya dawo za ta kai shi gaban coci da rawa. An ɗinka mana anko mu huɗu. Fasto ya sanar. Babu wanda ya tambayi Silva, ni ma ban tambaye shi ba.

Ranar Asabar na je da kayan na tarar da shagon Malam Umar a rufe, ya tafi garinsu suna. Ina dawowa da hantsi Vicky ta ɗaga murya, "An kawo wuta!"

Damaris ta fito daga kicin tana goge hannu. "Baban Silva, ina ka kai dutsen nan? Tun yaushe nake nema."

"Ki rage murya."

"In rage murya? Gobe haka za mu tsaya gaban jama'a, kamar an ƙwato mu daga bakin kura?"

Maganar tana fita ta kama bakinta. Muka dubi ƙofar baya tare. Babu motsi.

Na ce zan yi da kaina. Na sauko da dutsen, na kafa teburin a cikin ɗakinmu, na turo ƙofa. Rabona da guga tun ina saurayi. Na murɗa shi har ƙarshe, na shimfiɗa rigata ta ankon, na ɗora. Sai ya kama yadin, ya ƙi tafiya. Da na ɗaga, ga baƙin zane a ƙasan rigar. Na juya dutsen na ga gindinsa ya yi baƙi ƙirin. Ashe lokacin da Silva ba ya nan Damaris ta ƙona ɗankwali mai santsi a kai, ya narke ya manne, ba wanda ya kula. A lokacin wa yake ta dutsen guga?

Na zare shi daga soket, na ɗauko wuƙar kicin, na fara kankara. Ƙarar tana shiga haƙorana. Ban ji buɗe ƙofa ba.

"Baba, za ka kashe shi."

Silva ne a tsaye. Tun dawowarsa ban ji magana mai tsawon wannan daga bakinsa ba. Na ɓoye dutsen a bayana kamar yaron da aka kama da nama.

"Je ka huta. Na kusa gamawa."

"In ka kankare shi da wuƙa, kullum zai riƙa cin kaya." Ya miƙo hannu. "Kawo."

"Da sauran zafi."

"Na sani."

Na ba shi. Ban san yadda zan hana ba. Ya mayar da shi soket, ya leƙa falo ya ce, "Vicky, kawo farasitamol da filaya."

Vicky ta zo da gudu, idonta a kan yayanta. Ta ce, "Yaya, dutsen ma kansa ke ciwo?"

"Ke dai miƙo, sarkin surutu."

Ya kama ƙwayar da filaya, ya riƙa goga ta a gindin dutsen. Tana narkewa, baƙin yana zubowa kamar kwalta, yana sharewa da tsumma. Wani wari mai ɗaci ya cika ɗakin. Ya ce Vicky ta buɗe taga. Da ƙarfen ya fito fari, ya rage zafin, ya lashi yatsa ya ɗan taɓa. Ya yi "cis". Ni ne na zabura.

Teburin yana ɗingishi, ya ninke kwali ya tura ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Ya ɗaga rigata ya duba zanen.

"A ƙasa ne. Ka cusa ta a wando, ba mai gani."

Ya fara da zanen uwarsa. Yana yayyafa ruwa da yatsu, yana bi daga baki zuwa tsakiya. Damaris ta zo bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta tsaya, ba ta shigo ba. Ni na zauna a bakin gado. Na ɗauka zan ji murna. Ban ji ba. Ina dai kallon hannun yana tafiya yana dawowa.

Ya gama na uwarsa, da na Vicky, da nawa. Ya zare dutsen, ya tsayar da shi a kan dugadugansa. Rigarsa tana nan a kan gado yadda tela ya ninke ta.

Na ce, "Saura taka."

Bai dube ni ba. Yana naɗe waya a hankali.

"Baba, ba zan iya tsayawa a gaban mutane ba. Za su yi ta kallona. Za su ce in ba da shaida."

Damaris ta ce, "Silva, an fa sanar. Mata sun sayi shinkafa. Alkawari na yi wa Allah."

Ya zuba wa bango ido, irin kallon nan na kan benci. Na ga kafaɗarsa ta fara sauka. Na san in aka ƙara kalma ɗaya zai ce "to", ya sa rigar gobe, ya bi mu, mu kuma koma inda muke.

Na ce, "Maman Silva, ba zai je ba."

"Me zan ce wa Fasto?"

"Ki ce yana gida. Ki yi rawarki, Allah ya san inda yake."

"Kai fa?"

"Ina nan tare da shi."

Ta dube ni, ta dubi ɗanta. Ta koma kicin. Can na ji tana fyace hanci, tukunya tana tafasa.

Da safiyar Lahadi suka fita ita da Vicky, zanensu a miƙe, ko layi ɗaya bai karye ba. Na sa rigata na cusa ta a wando, don an riga an goge. Layinmu ya yi tsit, sai ganga daga cocin da ke ƙasan hanya. Na zauna a falo ban kunna rediyo ba.

Can na ji ana jan abu. Silva ne ya fito da teburin gugar zuwa tsakar gida, ya kifa shi. Ya ce bargon ya ƙone a tsakiya, shi ya sa kaya suke ɗaukar wari. Ya ciro ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya juya bargon, ya shimfiɗa wani tsohon zanen gado a kai.

"Baba, riƙe can."

Na durƙusa na riƙe.

"Ja sosai. In ya saki, zai yi tudu."

Na ja. Ya sa ƙusa a baki, ya ɗauki guduma.