Cittar Wanke Kai

"Matsa wancan ma, Yaya, wannan ba zai isa ba," in ji autar Inna, tana tsaye a kan mai kitso, tana duba waya tana mayarwa jaka.

Mai kitso tana tsugune a bayan ɗakin girkinta, tana matsa jajayen kawunan wata citta cikin kwalba. Rabinsu sun riga sun bushe. A tsakar gida mata biyu da suka zo kitso suna zaune da tsefaffen kai, suna ta tsaki.

Cittar nan ba irin ta kasuwa ba ce. Saiwarta ɗaci gare ta, ba mai sa ta a tukunya. Marigayi mijin Inna, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, shi ya taho da ita daga wata ƙasa mai nisa lokacin da yake aikin jirgin ruwa. Ganyenta yakan kai kafaɗar mutum, kuma in damina ta yi nisa sai ta fito da kawuna daga ƙasa kamar masara. In an matsa su, wani ruwa mai yauƙi da ƙamshi ke zubowa. Da shi Inna take wanke kanta tun gashinta yana baƙi.

Shukar ba ta san iyaka ba. Ta bi ta ƙarƙashin katanga, ta ɓullo a gidan mai kitso, ta fasa mata magudanar ruwa. Sun sha cacar baki a kai. Inna takan ce baƙuwa ce, a ba ta ruwa. Mai kitso takan ce baƙuwar da ke shigowa ta ƙasan bango ai ɓarauniya ce. Amma ba ta taɓa cire ta ba.

Da aka kwantar da Inna a asibiti, babban ɗanta ya kawo leburori, suka tone ta gidansu kaf suka malale wurin da siminti, wai tana tara sauro da macizai. Ba a gaya wa tsohuwar ba. Ga shi yanzu ta ƙi abinci, ta ce kanta na ƙaiƙayi, tana warin magani, ba za ta haɗiyi komai ba sai an wanke mata.

Mai kitso ta ba matan nan haƙuri, ita da autar suka tsare tasi. Cunkoso ya riƙe su a bakin kasuwa. Ta rungume kwalbar, tana buga ƙafa, tana ce wa direba ya bi ta lungu, shi kuma yana tambayarta ko fuffuke ta gani a motar.

Nas ɗin ɗakin ta ce ba a jiƙa wa mara lafiya gado. Mai kitso ta roƙa, autar ta fara hawaye. Nas ta dubi Inna, sannan da kanta ta kawo leda da baho, ta ja musu labule.

Inna ta rame har mai kitso ta ji tsoron ɗaga kanta. Ta tallabe shi da hannu ɗaya, ta zuba ruwan cittar, ta shiga cuɗa furfurar a hankali, tana kauce wa robar ƙarin ruwa. Ƙamshin ya cika ɗakin. Matar gadon kusa ta leƙo tana tambayar wane irin sabulu ne.

Inna ta lumshe ido. "Ana dai ba ta ruwa?"

Autar ta juya tana gyara filo. Mai kitso ta ce, "Kullum, Inna. Har ta fi ƙarfina."

"In ganyen ya bushe kada ku tone. Ba mutuwa ta yi ba, tana ƙasa." Ta ɗan buɗe ido. "Ɓarauniyar taki ce wannan, ko?"

"Ita ce."

Inna ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Ta sha shayi rabin kofi, ta ce a kitse mata. Mai kitso ta tsaga gashin, ta kitse gefen dama, sai ta ga tsohuwar ta yi barci. Ba ta so ta juya ta ba. Ta ce da autar gobe da safe za ta dawo ta ƙarasa.

Washegari ta kasa zama. Ta ɗora tukunya ta sauke, ta sallami wadda ta zo kitso, ta matse kawuna biyun da suka rage, ta fita ko karyawa ba ta yi ba. Ta kira autar a hanya, ba a ɗauka ba.

An zuge labulen. Katifar tana nan ba zanin gado, an jingine ƙarfen ƙarin ruwa a bango. Matar gadon kusa ce ta gaya mata: gari na wayewa Inna ta cika, ba ta ko farka ba, 'ya'yan sun tafi da ita ɗazu.

Mai kitso ta fito, ta zauna a kan bencin baranda da kwalbar a cinya. Mai goge-goge ta iso wurin da tsummanta, ta ce, "Baiwar Allah, ɗan ɗaga ƙafa."

Ta ɗaga. Aka goge, aka wuce, ita kuwa ba ta sauke ba har wurin ya bushe.