Muryar Aku a Ɗakin Baba

Ranar da Aku ya rasu, Yaya ne ya kira Auta a waya tana tsaka da wanke wa Baba kofin magani. Ya ce mutumin ya yanke jiki ya faɗi a barandar gidan rediyo da shayi a hannunsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Sannan ya sassauta murya ya ce kada ta kuskura Baba ya ji. Bai daɗe da baro gadon asibiti ba, likitan zuciya kuma ya ja musu kunne a kan duk abin da zai girgiza shi.

Aku ba sunansa na yanka ba ne. Baba ne ya laƙaba masa tun suna samari, saboda bakinsa ba ya hutu. Shi kuma ya rama da kiran Baba Ƙuda, wai in ya ɗare bayan doki, dokin ma bai san an hau shi ba. Baba mahayin tsere ne har ƙafa ta gaza, daga baya ido ya bi ta. Aku kuwa shi ne muryar filin sukuwa a rediyon garin tun Auta ba ta zo duniya ba. Da safe ya karanta gaishe-gaishe da cigiyar yaran da suka ɓata, da yamma ya yi hira da masu gyaran kofato da masu yankan ciyawa, ranar tsere kuma ya haye ɗan ɗakinsa na katako a saman rumfar 'yan kallo ya yi ta zuba har murya ta dushe. Su Auta kuwa, yaran gidan Baba, Kawu suke ce masa.

Auta ta ɗauki aikin ɓoyon da muhimmanci. Da safe ta ɗauke rediyon ta kai kicin, ta ce batir ya yi sanyi. Masu zuwa yi wa Baba gaisuwa ta tare su a bakin ƙofa tana yi musu raɗa. Amma la'asar ta fi ƙarfinta, don in lokacin shirin Aku ya yi, ko cokali Baba ba ya yarda a motsa. Sai ta ji gidan rediyon sun ware makon don maimaita tsofaffin shirye-shiryensa. Ta riƙa laɓewa a kicin da rediyon a kunne har mai gabatarwa ya gama cewa marigayi, sannan ta kawo ta ajiye a kan teburin da ke gefen kujerar Baba.

Haka muryar ta riƙa cika ɗakin, da dariyar nan tasa mai kama da tari. Baba yana ta gyaɗa kai yana mayar masa da martani kamar yadda ya saba: ƙarya kake, Aku, wannan dokin ai jaki ne. Auta tana zaune a hannun kujera. Da idonta ta ga takalman Kawu a ƙofar ɗakin matarsa ranar da ta saci jiki ta je ta'aziyya, ɗaya ya ɗan karkace kamar yanzu ya cire. Ga shi kuma nan yana tambayar wani mai gyaran sirdi lafiyar iyalinsa. In ta kashe rediyon ma ba ta rabuwa da shi. Ta kan ji kamar an yi gyaran murya a lungun da ke tsakanin ɗakunan gidan, ta leƙa, ba kowa sai labule.

Baba ya fara ƙorafi cewa ɗan banzan nan ya samu bakin yi wa duniya surutu amma bai samu ƙafar leƙo shi ba. Ta ce mura ce ke damunsa. Ya ce murar da ba ta taɓa murya ba, lallai sabuwa ce.

Wata yamma da ta kawo rediyon, sai aka ji wani sauti daban, mai shuu kamar ruwan sama a kan kwano, da hayaniyar jama'a a bayansa. Muryar ta Kawu ce, amma siririya, ta saurayi. Yana jero sunayen dawaki, har ya zo kan wata goɗiya, Sai Anjima, ya ce Ƙuda ne a kanta, wanda aka ɗauke shi a sume daga wannan filin bara, aka ce shi da sirdi har abada.

Baba ya daina motsi. Da aka saki dawakin, Auta ta ga ya zame zuwa bakin kujera, ya duƙa, hannayensa biyu sun dunƙule a gabansa suna riƙe da linzamin da babu shi. A kwana ta ƙarshe mai sharhin ya manta da sauran dawaki, ya manta ma'aikaci ne, yana ta ihu: sake mata kai, Ƙuda, sake mata kai! Daga nan magana ta tsinke. Ba abin da ke fita sai ihun jama'a, da wani mutum kusa da makirufo yana shessheƙa kamar ƙaramin yaro.

Baba ya koma ya jingina. Ya daɗe yana maida numfashi, ita kuma idonta na kan ƙirjinsa da kwalbar ƙwayar da ke kan tebur.

"Auta," ya ce, "yaushe?"

Ta ce yaushe me, Baba.

"Aku ya rantse ba za a saka kaset ɗin nan ba muddin yana numfashi, saboda kukan. Har da manaja ya yi faɗa a kai. Yaushe?"

Ta durƙusa a gabansa ta faɗa masa duka, har da shayin, har da takalman. Bai yi kuka ba. Ya lalubo kanta ya dafa, ya ce Allah ya jiƙansa, sannan ya tambaya ko an samu jama'a. Ta ce titi ma sai da ya toshe. Ya ce da ya so haka, mutum ne mai son 'yan kallo.

Washegari ya sa ta goge masa riga. Sun fara zuwa wurin matar Kawu, daga can ya ce a wuce da shi gidan rediyo. Injiniyar sauti, wata mai furfura da ta yi shekaru tana aiki da marigayin, ta karɓe su ta shigar da su ɗakin ɗaukar murya, ta ce ko zai ce wani abu a saka a shirin ƙarshe. Ta zaunar da shi a kujerar Kawu, wadda sosonta ya lotsa ta gefe ɗaya, ta ɗora masa abin ji a kunne.

Baba ya ce abin da mutanen gari ba su sani ba shi ne Aku bai taɓa hawa doki da son ransa ba, tsoronsu yake. Sau ɗaya aka ɗora shi a kan wani tsoho mai cin ciyawa, ya rungume wuyansa yana neman gafarar kowa. Amma ya san dawaki kamar shi ya haife su. Ya ce tun da idonsa ya tafi, duk ranar tsere Aku kan biyo ta gidan da muryarsa a dushe, ya sake yi masa sharhin tun daga farko, shi kaɗai, yana buga hannun kujera a madadin kofato. Wani lokaci har ya sauya wanda ya ci, don kawai su yi musu.

Injiniyar ta kai hannu za ta mayar da abin da aka ɗauka baya su saurara. Sai ta taɓa wani wuri daban, wani guntun gwaji da ya rage a na'urar tun makon da ya wuce. Aka ji an ƙwanƙwasa makirufo, aka yi gyaran murya.

"Ana ji na? To, ana ji na?"

Matar ta daskare, hannunta a sama.

"Ina jin ka," in ji Baba.

Ba abin da ya biyo baya sai shuu. Ya ɗan ƙara jira, kansa a karkace, sannan ya cire abin kunnen da kansa ya miƙa wa iska, Auta ta karɓa. Injiniyar tana share ido da bakin mayafi ta ba da haƙuri, ta ce in yana so za ta tura masa duk shirye-shiryen a waya. Ya ce a'a, 'yar'uwa, a bar shi ya huta, ya yi surutun da ya isa.

A mota Yaya ya kira, ransa a ɓace, don labari ya kai masa an ga Baba a gari. Baba ya miƙo hannu aka ba shi wayar. Ya ce masa zuciyar tana nan ba ta tsaya ba, kuma gobe ya zo da wuri, akwai kabarin da zai kai shi.