Kwaɗon Gandiroba

"Na ce yau zai bar gidan burodin nan! Yau ɗin nan, ba gobe ba!"

Gandiroba ke wannan hargowa, yana dukan tebur, damin makullan da ke ƙugunsa na kacau-kacau suna taya shi. Tsohon ma'aikacin gidan yari ne. Ya yi ritaya da jimawa, amma sunan ya ƙi sakin sa, shi ma kuwa bai saki makullai ba.

"A kan wane laifi, Baba?" in ji 'yarsa Lauya, wadda ta biyo daga kotu don ta ɗauki burodi mai zafi, ta faɗo cikin rigima tsundum, ko baƙin kot ɗinta ba ta cire ba.

"A kan laifin da ya kai shi can!"

"Ai wannan alƙali ya gama da shi. Ya yanke masa, ya yi, ya fito. Kai kuma wace kotu ce taka?"

Mai Burodi, matar Gandiroba kuma mai wurin, tana zaune tsakanin buhunan sukari a ɗan ofishinta, ta rafka tagumi. Kanta ya ɗau zafi. Ita fa za ta yanke hukunci, don gidan burodin nata ne, ba na miji ba, ba na 'ya ba.

Dogo ake wa wannan faɗa, mai yi mata kwaɓi da gashi. Tun da ta ɗauke shi burodinta bai taɓa kwantai ba. Ba ya surutu, ba ya makara. Abu ɗaya ne ke ba ta mamaki: in ya iske ƙofa a rufe, sai ya tsaya ƙyam a gabanta yana jira, ko da kuwa sakaye take kawai. Ita ta ɗauka ladabi ne. Har yabon sa take yi wa maƙwabta.

To, da safiyar nan iska ta turo ƙofar sito, Dogo ya zo da buhun fulawa a ka, ya tsaya yana jira. Gandiroba na shan shayi a gefe. Ya dube shi, ya sake dubawa, ya ajiye kofi a hankali, ya daka tsawa irin ta wurin aikinsa:

"Durƙusa!"

Wayyo! Kafin Dogo ya yi tunani, gwiwoyinsa sun riga shi. Ya tsuguna da buhu a ka, ido a ƙasa, yadda fursunoni ke yi in za a ƙirga su. Asiri ya tonu ke nan. Da aka matsa masa ya ce e, ya yi zaman gidan yari, shago ya fasa tun yana saurayi.

"Shago fa!" Gandiroba ya sake dukan tebur. "Ke kuma nan mene ne? Ba shago ba ne? Kin ɗauko mai fasa shago kin ba shi shago, har da shayin safe!"

"Da ka bi a hankali, Malam," in ji Mai Burodi. "Tsawar nan a gaban masu saye ka yi ta."

"Gara su sani! Ni da ni ne gwamnati, duk wanda ya fito sai an liƙa hotonsa a bakin titi, kowa ya san da wa yake zaune."

"Sai kuma wa ya ba shi aiki?" Lauya ta taso masa. "Ba aiki, ba ɗakin haya, ba matar aure. Ya ci me? Sai ya koma ya fasa wani shagon, ku ce ai dama mun faɗa!"

"Ai dama suna komawa! Da idona na gani. Ka buɗe wa mutum ƙofa da rani, kafin damina ya dawo yana gaishe ka, yana tambayar ko gadonsa na nan."

"Waɗanda suka dawo ka gani, Baba. Waɗanda ba su dawo ba ina za ka gan su?"

Gandiroba ya kau da kai daga 'yarsa. Sai ya juya kan matarsa, don ita ce mai sauƙi.

"Kin ga abin da karatun da kika ɗaure wa gindi ya jawo? Na kama ɓarawo, 'yata ta zo beli!"

Mai Burodi ba ta yi dariya ba. Gaskiya ita ma tana tsoron bakin mutane. Ta san unguwar nan sarai: kafin azahar matar mai kanti ta gaya wa mai kitso, mai kitso kuwa gidan rediyo ce. Gobe a ce ɓarawo ke kwaɓa musu burodi. Kuma ya ɓoye mata, wannan ne ya fi ci mata rai.

"Amma ai da ya faɗa mini," ta ce a hankali.

"Da ya faɗa, za ki ɗauke shi, Mama?"

Mai Burodi ta sunkuyar da kai. Ta san amsar, ba ta kuma ji daɗinta ba.

"Kin gani ko?" Gandiroba ya gyara tsayuwa, ya ga nasara ta doso. "Sallame shi kawai. Ni na riga na ɗau mataki. Na fito da shi waje, na sa wa ɗakin gashi kwaɗo. Ba zai ƙara taɓa ko cokali ba sai an gama magana."

Mai Burodi ta ɗago kai. Hancinta ya motsa.

"Ka sa wa ina kwaɗo?"

"Ɗakin gashi."

"Da burodin a cikin tanderu?"

Kun san ƙaurin burodi in ya fara ƙonewa, ba ya sallama. Ya riga ya cika ofishin, gardama ce ta toshe musu hanci. Mai Burodi ta zabura, ɗankwali ya yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma, ta fizgo ƙofa.

Ga Dogo tsaye a bakin ofis, zufa na zuba, yana ta murza hannuwa. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake nan. A bayansa hayaƙi na tuttuɗowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin gashi, baƙi ƙirin.

"Mama, burodi," ya ce. "Na yi ta sallama, ba ku ji ba."

"Sallama? Gidana na cin wuta kana sallama? Malam, makulli! Makulli!"

Nan fa aka shiga rububi. Gandiroba na laluben dami, wannan na ɗaki ne, wannan na akwati, wannan na kejin kaji, wannan ma na wata ƙofa ce da aka rushe tun Lauya na goye. Mai Burodi ta warce damin gaba ɗaya har da maɗaurin wandonsa, ta cilla wa Dogo. Ya buɗe, ya kutsa cikin hayaƙi, ya fara jawo farantan burodi yana tari. Burodin layin gaba ya zama gawayi. Na baya ne ya sha da ƙyar.

Da hayaƙi ya lafa, Mai Burodi ta ɗauki kwaɗon ta juya shi a hannu. Ɗan mitsitsi ne, irin na akwatin 'yan makaranta. Ga kuma ƙarfen jawo faranti jingine a bango, daidai inda Dogo ya yi ta safa da marwa.

"Kai, Dogo! Wannan abin ko ni na murɗe shi. Me ya hana ka ɓalle shi?"

Dogo ya share fuska da gefen riga.

"Mama, kwaɗo ɗaya na taɓa ɓallewa a rayuwata. Na ga inda ya kai ni."

Lauya ta juya ta dubi ubanta, ta harɗe hannuwa. Wannan kallon nata ya fi duk surutun da ta yi ciwo.

"Dabara ce!" in ji Gandiroba, yana riƙe da wando da hannu ɗaya. "Na san su! Lafewa suke yi sai an saki jiki!"

"Malam," in ji Mai Burodi, ta kama ƙugu, "shi dai gidan yari ya sallame shi. Kai fa, yaushe za a sallame ka? Tun da na aure ka ake ƙirga mu kafin a kwanta. Ka kulle firji, ka kulle sukari, ƙanwata ta zo kwana biyu ka caje mata jaka a bakin ƙofa. Yau ka ɗaure mini burodi ba tare da shari'a ba, ga shi nan ya mutu a tsare!"

Lauya ta tuntsire da dariya har da riƙe bango.

"Mama, in kina son lauya, kyauta zan tsaya miki."

"Ke kuma rufe mini baki, ki ɗauko tsintsiya."

Ta karɓi damin daga hannun Dogo, ta zare makullin ɗakin gashi da na ƙofar gaba, ta danƙa masa a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Daga gobe kai za ka riƙa buɗewa. Kuma in na ƙara ganin ka tsaye a gaban ƙofa kamar an dasa ka, ranar za ka san ni ma na iya tsawa. Mai kitso kuma ta zo ta same ni."

"Ki zaɓa!" Gandiroba ya yi ƙaraji. "Ko shi ko ni a wurin nan!"

"Kai ka iya kwaɓi?"

Gandiroba ya cika ya yi fam. Ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa, ya dubi makullan da ke hannun Dogo. Ya tattare wando ya nufi ƙofa. A bakinta hannunsa ya kai ƙugu don ya kulle su ciki yadda ya saba, ya shafo wayam. Ya ja tsaki mai tsawo, ya fice, ya maka ƙofar garam, har fulawa ta zubo daga kan kantar burodi.