Akawun ɗin Ƙanen Madam

Injiniya na buga sunan sabon ma'aikacin a kan saba, babbar kwamfutar kamfani, yana tsaki. Ƙanen matar Manaja ne, jiya aka kawo shi kamfanin rarraba magungunan da sunan mataimaki. Mutum ne mai waya biyu da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Abin da ya iya a kwamfuta bai wuce canza hoton allo ba.

"A ba shi ikon komai, kamar naka," in ji Manaja daga bakin ƙofa, don ba ya shiri da sanyin ɗakin saba.

"An gama, Yallaɓai."

Ya ba shi ikon, ransa na ƙuna. Shekara da shekaru shi kaɗai ke shiga sabar nan, ta root, babban akawun ɗin shiga mai iko da kowa. Bai taɓa buɗe ƙaramin akawun na kansa ba, a ganinsa wannan na ƙananan ma'aikata ne. Kalmar sirrin tana cikin kansa, ita ce kuma ta hana a sallame shi duk baƙar maganarsa da rashin amsa gaisuwa. Ya san da haka, kowa ma ya sani.

Saura shel, wato abin da ke tarbar mutum in ya shiga saba, ya karɓi umarninsa. Sabon akawun da sh yake zuwa, tsohon shel mara tausayi, ko maɓallin kibiya ka danna shirme zai zubo maka. A ƙa'ida sai a canza shi zuwa bash, mai sauƙin aiki. Injiniya ya yi murmushin mugunta. Akwai wani shel ɗin, nologin, wanda aikinsa kawai ya rufe wa mutum ƙofa a fuska. An ce a ba shi iko, to ga iko nan. Ba wanda ya ce a bar shi ya shiga.

Ya buga umarnin da sauri, irin na wanda ya raina aikin. Injin ya nuna gargaɗi, bai karanta ba, shi da ya daina karanta gargaɗi tun kafin gashinsa ya fara fari. Ya fita daga sabar, ya tafi cin abinci.

Da ya dawo ya tarar da mai kula da sito na jiransa yana zufa. Manhajar fitar da kaya ta tsaya cak, motoci sun yi layi, direbobi na ta danna hon. Aikin minti ɗaya ne. Injiniya ya zauna, ya buga root, ya buga kalmar sirri. Sabar ta ce wannan akawun ba ya samuwa, ta koro shi. Ya sake, ta sake koro shi.

Sai ya tuna. Bai sa sunan kowa a ƙarshen umarnin ba. In ba suna, wanda ya buga umarnin ake canza wa shel. Kansa ya rufe wa ƙofa, mai iko ɗaya da ya rage shi ne sabon ma'aikacin.

Ya tarar da ƙanen Madam a ɗakin hutu yana kallon bidiyo.

"Malam, taso da kwamfutarka."

"Lafiya dai, Baba Injiniya?"

"Taso kawai."

Bawan Allah ya shiga sabar ba gardama, da ƙaramin akawun ɗinsa. Injiniya ya tsaya a kansa yana karanto masa umarnin gyara harafi bayan harafi, shi kuma yana neman kowane harafi da yatsa ɗaya, harshe a waje.

"Ba nan ba! Koma baya."

Ya danna kibiya, shirme ya cika layin.

"Baba, ya lalace."

"Goge, ka faro daga farko."

Sai a karo na uku umarnin ya tafi. Root ya buɗu, manhaja ta tashi, hon ya yi shiru a waje. A lokacin ne Injiniya ya lura Manaja na tsaye a bayansu, yau har cikin sanyin.

"Ikon Allah! Kwana biyu kacal, har ya ceci kamfani," in ji Manaja, yana dafa kafaɗar surukinsa. "Ashe da yau mun kwana a waje. Injiniya, kafin a tashi ka ba shi kalmar sirrin nan taka. Ba za a ƙara barin ta a kan mutum ɗaya ba."

Ƙanen Madam ya gyara wuyan riga, ya karɓi yabon duka ba kunya. Da Manaja ya fita ya juyo.

"Baba, wannan allon nawa ba daɗi wallahi. Ba a iya gyara shi?"

Injiniya ya ja kujera, ya buga umarnin da zai mai da shel ɗinsa bash. Ya sa sunan a ƙarshe, ya karanta shi sau biyu kafin ya danna.