Takardar da Kafinta Bai Haddace Ba

Shekara talatin da ɗoriya Kafinta yana ɓoye abu ɗaya, kuma ya iya ɓoyon. In aka miƙo masa takarda, sai ya shafa aljihu ya ce ya bar tabarau a gida. In mai aiki ya faɗi tsawo da faɗin ƙofa sau ɗaya, ya zauna masa a ka ke nan, ko bayan wata guda ba zai kuskure inci ɗaya ba. Mutane na yaba kaifin ƙwaƙwalwarsa, ba su san dole ce ta wasa ta ba. Matarsa kaɗai ta san bai iya karatu ba, ita ma ta rasu da sirrin.

Bayan rasuwarta ne ya shiga ajin manya da ake yi da yamma a makarantar firamare. Su goma sha tara ne, da tela da direba da masu shara, duk a takure kan bencin yara, gwiwa na dukan tebur. A gida yakan ce gyaran benci yake zuwa yi. Ba ƙarya ce zalla ba, don da gudumarsa yake tafiya.

Wata bakwai da farawa, Malamarsu ta shigo jiki a sanyaye. Ta ce kwamitin ilimi zai zauna ranar Laraba, kuma ana maganar janye tallafin ajin. In aka janye, aji ya mutu. Suka yanke shawarar rubuta wasiƙa, ɗayansu ya karanta ta a gaban kwamitin, a gani da ido. Aka zaɓi Kafinta, don shi ne babba. Gabansa ya faɗi, saboda mai rubuta bayanan zaman kwamitin mijin 'yarsa ne, wanda ke ganin girmansa kamar uban da ya haife shi.

Sai ya yi abin da ya saba. Ya ce Malama ta karanta masa wasiƙar sau uku, wai don kunne ya saba. Kafin ta ninke takardar ya haddace ta tsaf. Tsoro ne ya sa shi, ba rashin gaskiya ba, amma dai ya yi.

Ranar Laraba suka jeru a jikin bango, a wani ɗaki mai dogon tebur da fankar da ke kukan rashin mai. Surukin ya ɗago kai ya gan shi a cikin ɗaliban, ya yi saurin sunkuyar da kai. Kafinta ya miƙe, ya riƙe takardar, ya zuba wasiƙar tiryan-tiryan, ba gargada. 'Yan ajin sai murmushi suke, suna zungurar juna.

Shugaban kwamitin ya tafa.

"Madalla! Wata bakwai kacal? Malama, sannu da ƙoƙari. Ai mai karatu haka ba ya buƙatar aji kuma. Kun ga an gama aiki ke nan, sai mu juya ga wasu."

Murmushin ya ɗauke daga fuskoki. Kafinta ya ji kamar ya yanke katako ya rage masa tsawo, irin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Da bakinsa ya kashe ajin, don kawai kada yaro ɗaya ya ji shi yana in'ina.

"Yallaɓai," ya ce, "ban karanta ba."

"Me ka ce, Baba?"

"Haddacewa na yi. Ko a juye ka ba ni ita, haka zan zuba maka. Da wannan dabarar na yi aure, da ita na aurar, ba wanda ya gane." Bai dubi inda surukinsa yake ba. "Ba ni wata takardar, kowace iri ce, ka ga iya inda muka kai."

Shugaban ya yi 'yar dariya, ya turo masa shafin da ke saman tarin takardunsa ba tare da ya duba ba.

Kafinta ya ɗora yatsa a layin farko, yatsan da zarto ya ci gefensa. Haruffan ƙanana ne, sun matse juna. Gumi ya keto masa.

"An... a... amin... amince..." Ya tsaya, ya koma baya. Wani daga cikin 'yan kwamitin ya yi gyaran murya. Malama ta matso za ta taimaka, ya ɗaga mata hannu. "Da ru... rufe... ajin... ajin man..."

Bai ƙarasa kalmar ba, kuma ba wanda ya ƙarasa masa. Shugaban ya miƙo hannu zai karɓe takardar, amma Kafinta ya danne ta da tafin hannu, ya bi sauran layin har ƙarshe, kalma bayan kalma. A ƙasa akwai sa hannu, an riga an yi shi tun kafin su shigo.

Ya daɗe yana kallon shafin. Sannan ya ɗago kai ya dubi shugaban.

"Layi ɗaya ne, Yallaɓai, ka ga tsawon lokacin da ya ɗauke ni. Iya inda muka kai ke nan. Amma da wata bakwai da suka wuce ne ka ba ni ita, da na ninke ta na sa a aljihu, na yi maka godiya."

Shugaban ya goge goshi, ya juya wajen mai rubuta bayanai.

"Dakata. Kada ka rubuta komai tukuna."

Surukin dama ba ya rubutu. Ya ajiye biro tuntuni, ya miƙe tsaye, ya jawo kujerarsa ya kawo bayan Kafinta.

"Baba, zauna," ya ce. "Akwai shafi na biyu. Za su jira ka."