Takardar Izinin Safiyo

Karo na uku ke nan Safiyo tana leƙa ofishin sakatariya, takardar na nan cikin tire, ba sa hannu.

"Anti, ƙarfe huɗu za su rufe shafin neman tallafin karatun fa."

"Wallahi na gaya wa Darakta. Ya ce ki shigo da kanki." Sakatariya ta rage murya. "Yanzu ya gama cin abinci. Shiga kafin daɗin ya wuce."

Shekara goma sha ɗaya Safiyo tana awon filaye a wannan ma'aikata, har sunan aikin, safiyo, ya cinye nata. Wata jami'a a ƙasar waje ta ɗauke ta digiri na biyu kan awon ƙasa da tauraron ɗan'adam, wata gidauniya kuma ta yarda ta ɗauki nauyin komai. Abu ɗaya ya rage: takarda daga wurin aikinta cewa an sake ta shekara biyu kuma za ta dawo. Ajiye aikin ba mafita ba ne, don ma'aikata kaɗai gidauniyar ke ɗauka, su ma waɗanda ba su haura shekara talatin da biyar ba. Saura wata huɗu Safiyo ta haura.

Darakta ya tarbe ta da fara'a.

"'Yata! Zauna, zauna. Jiya ma na yi zancenki a taro. Na ce duk ginin nan mutum ɗaya ce in ta kafa turke zan iya rantsuwa a kansa."

"Na gode, ranka ya daɗe. Maganar takardar ce."

"Na karanta, har sau biyu." Ya turo mata gorar ruwa. "To gaya mini tsakani da Allah, in kin tafi wa zai riƙe sabuwar na'urar awon?"

"Na koya wa mutum uku."

"Kin koya musu. Su sun koya?"

Ɗaya daga cikinsu ya taɓa auna filin wani har ya haɗa masa da rabin titi.

"Kin gani ko? Ga shi gurbi ɗaya tal aka ba mu bana na ƙaro ilimi. Na riga na ba Sai-Gobe."

Sai-Gobe shi ne mai teburin da ke kallon nata. Sunan ya samo shi daga amsar da yake ba duk wanda ya zo karɓar taswira.

"Ranka ya daɗe, ko jami'a bai samu ba tukuna."

"Zai samu. Shi in ya tafi, kujerarsa ce kawai za ta lura." Darakta ya yi dariya shi kaɗai. "Ke fa? Gobe kotu ta kira mu kan rikicin iyaka, wa zan tura?"

"In na dawo da ilimin ai ofis ne zai amfana."

"Haka kowa ke faɗa. Mutum huɗu na sa wa hannu tun zuwana. Masu ƙwazon ba su dawo ba, ragwayen sun dawo da sababbin takalma. Bari sai baɗi."

"Baɗi shekaruna sun wuce."

"Ayya," in ji shi. Kuma da gaske tausayi ne a fuskarsa, irin tausayin da ba ya kai hannu ga biro.

A baranda wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce.

"Ya sa hannun?"

"Bai sa ba, Mama."

"To ki yi haƙuri. Ke dai ki ƙara dagewa da aikinki, wata rana za su gani."

"Sun gani, Mama. Shi ya sa."

Da ta koma tebur, Sai-Gobe ya jawo kujerarsa kusa, fom a hannu, yana sosa ƙeya.

"Yaya Safiyo, don Allah, nan da suka ce a rubuta dalilin son karatun, ke me kika sa a naki?"

"Sai gobe," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ƙarfe huɗu saura kwata. A gefe ɗaya na kwamfutar shafin gidauniyar na buɗe, kowane gurbi a cike ban da ɗaya. A ɗaya gefen aikin yau ne, iyakar wasu gidaje biyu da za a kai wa Darakta kafin a tashi. Ta duba lambobin da ta auno da safe. A hankali ta goge guda ta sa wata. Layin ya matsa rabin mita.

Abin ba wuya ashe. Da tun shekara biyar baya ta fara yin haka sau ɗaya a wata, da yanzu akwati take haɗawa.

Ta zauna tana kallon layin. Ta san inda ya faɗa, ta tsaya a wurin ɗazu da safe: tsakiyar kicin ɗin wata mata mai goyo, wadda ta kawo mata kujera har bakin katanga. Yanzu kam kuskuren ba zai kai ta ko'ina ba. Katangar matar kawai zai rushe.

Ta mayar da lambar daidai, ta sake dubawa sau biyu kamar kullum, ta tura a buga.

Injin na fitar da taswirar agogon bango ya buga huɗu.