Manaja, Gaya wa Wasu Mutane

A shekarar 1988 babu abin da ya tayar da unguwarmu ta Nima tsaye kamar wani ɗan siririn littafi mai suna Gidanmu Lafiya Lau. A wani shago kusa da shataletalen Circle aka buga shi, bangonsa shuɗi, tawadar ma tana bin yatsa. Sharifa ce ta rubuta shi, 'yar maƙwabciyata Azara, mai aikin tafireta a wani ofis a unguwar Kanda. Ni Sanatu katanga ɗaya ce ta raba ni da gidansu, don haka ba a bakin wani na ji labarin nan ba.

Littafin labarin ya da ƙanwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, suna zaune gida ɗaya, amma shekara tara ba sa ga maciji saboda tukunyar gado. In ɗaya tana da magana, sai ta dubi muzurun gidan ta ce, "Manaja, gaya wa wasu mutane su kwashe shanyarsu daga igiyata." Ɗayar ta amsa, "Manaja, ka ce wa wasu mutane ba da igiyar aka haife su ba."

Kai, zo ka ga dariya! A majalisar masu shayi mutum ɗaya ke karantawa, ashirin na riƙe da ciki. Moro direban tirotiro, motar haya, ya rantse sai da ya tsayar da mota a gefen hanya, don wani fasinja yana karantawa da ƙarfi, shi kuwa hawaye sun rufe masa ido.

"Cale, abokina, littafin nan ya yi daɗi paa!" in ji shi. "Ban taɓa jin irinsa ba koraa."

A wani biki a unguwar Maamobi shinkafa ta ƙone ƙurmus, masu tuƙi duk sun tafi sauraro. Alhaji Ziblim mai goro ya ce wallahi gidan surukansa aka kwatanta. Kafin wata guda, ko a kasuwa ka taka mutum, sai ya dubi ƙasa ya ce, "Gaya wa wasu mutane su duba gabansu."

Mu 'yan layin kuwa mun san gidan. Sharifa wai ita mai wayo: ta canza sunaye, ta mai da masu sayar da wakye, wato shinkafa da wake, masu koko, ta ɗauke gidan ta kai Kumasi. Amma ta bar muzurun da sunansa, har da kunnensa ɗaya da kare ya cinye. To wa ye a Nima bai san Manaja ba? Duk wanda ya taɓa sayen wakye a ƙofar Azara ko ta yayarta Awabu ya tsallake shi.

Sai ga saƙo daga Azara: Sharifa ta zo ranar Asabar bayan la'asar, ta taho da littafin. In abin da ake faɗa gaskiya ne, ta nemi wata uwar.

Ranar Asabar ɗin, ɗakina Sharifa ta fara shigowa.

"Mma Sanatu, ban yi don in tozarta su ba," ta ce. "A cikin abin nan na girma. In ban yi dariyarsa ba, kuka zan yi ta yi."

Na ba ta ruwa. Tsoro ya kama ni sosai, don Azara ba ta janye magana. Matar da ta iya shekara tara tana gaba da yayarta?

Muka shiga. Awabu na kan kujerarta a gabas, ludayi a hannu. Azara na yamma. Manaja kwance a tsakiya kamar alƙali. Katanga kuwa ta cika da kawunan mata, wai duk sun fito ɗebe shanya. Sharifa ta durƙusa ta gaishe da uwarta. Azara ko kallonta ba ta yi ba. Muzurun ta duba.

"Manaja, gaya wa mai tafireta ta karanta."

Ashe har an kai ta sahun wasu mutane! Idon Sharifa ya ciko, ta buɗe littafin ta fara. Su biyun babu mai karatun boko, duk abin da suka sani a bakin mutane suka ji, don haka suka kasa kunne sosai. A kan katanga ana ta danne dariya da gyale.

Har ta iso ranar faɗan. Ta karanta yadda a ranar sadakar arba'in ta uwarsu, babbar ta rungumi tukunyar, ƙaramar ta riƙe marfin, suka yi ta zagaye tsakar gida a gaban malamai.

"Ƙarya ne!" Awabu ta buga ludayi a ƙasa. "Manaja, gaya wa yarinyar nan ranar sadakar bakwai ce."

"Bakwai ina?" Azara ta juyo da kujerarta gaba ɗaya. "Haba Yaya, ke fa kin tsufa! Arba'in ce. Ba kina sanye da koren zanen nan ba, wanda ya kwance, har liman ya juya baya?"

Azara ta dafe bakinta, amma maganar ta riga ta fita, kuma ba ta bi ta kan muzuru ba.

Awabu ta dubi ƙanwarta.

"Kore ne?" ta ce a hankali.

"Kore ne. Na marigayiya Mma ne, ni na ba ki."

Sai Awabu ta fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun uwarsu na da rai. Ta yi ta yi har dariyar ta koma kuka. Azara ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. A kan katanga wata ta rangaɗa guɗa, saura suka ɗauka, ni ma ban san lokacin da na shiga ba. Manaja ya miƙe, ya yi miƙa, ya haye katangata ya tafi abinsa.

Sharifa na nan durƙushe, littafi a hannu, ba ta san matsayinta ba. Azara ta share ido, ta dube ta ido cikin ido.

"Sharifa," ta ce. "Ke, da ke nake. Matso nan kusa da ni, ba na ji sosai. Ci gaba."